Yadda Ake Kada Babban Icce da Jak

Ƙasar Baleyara ƙasar manyan itatuwa ce. Wanda ya taso daga Yamai ya nufi Filinge, da ya sauko cikin Dallol Boso zai ga gawo tsaye cikin gonaki, ga goruba, ga aduwa. Cikin gari kuma ga dogon yaro da aka dasa bakin hanya, da bakin kasuwa, da filin lakwal. Itatuwan nan dukiya ne. Suna ba da inuwa, suna tare iska, suna ciyar da bisashe.

Amma icce ma yana tsufa. Gara takan ci gindinsa. Iskar farkon damina takan karkatar da shi. Wata rana sai a ga babban icce ya sunkuyo bisa ɗaki, ko rumbu, ko rijiya, ko hanyar da yara ke bi. In an bar shi, zai faɗi da kansa ranar da ba a shirya ba. In an sare shi da ganganci, zai faɗi daidai inda ake gudu, domin icce yana faɗuwa ne wajen da nauyinsa ya rinjaya.

To, yaya za a yi a kada shi can wajen da babu ɓarna? A wasu ƙasashe, masu aikin daji suna yin haka da jak.

Nauyin babban icce

Mutane da yawa ba su san nauyin icce ba sai ya faɗi. A ɗauki gangar icce ɗanye mai kaurin metir 1 da tsawon metir 5. Nauyinta yakan kai ton 3 ko fiye. Ton 1 kilo 1,000 ne. Ke nan gangar nan kaɗai ta kai buhu 30 na hatsi, kowane buhu kilo 100. Ba a ma lissafa rassa da ganye ba.

Abu mai irin wannan nauyi, in ya fara tafiya, babu ƙarfin mutum da zai tsai da shi. Ɗakin laka ba ya tare shi. Shi ya sa sare babban icce yake cikin ayyuka mafi hatsari a duniya duka.

Mene ne jak?

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar Baleyara ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya ga jak. Shi ne ƙarfen nan mai kama da kwalba da ake sa wa ƙarƙashin babbar mota in za a sake taya. Da Faransanci ana ce masa kirik. Yaron mota shi kaɗai, da hannu guda, yakan ɗaga motar da ke cike da kaya.

Ƙarfin ba na yaron ba ne. Dabara ce ke cikin ƙarfen. Cikin jak akwai mai, akwai kuma bututu biyu: ƙarami da babba. Kowane bututu yana da sandar ƙarfe da ke hawa da sauka a cikinsa. In an danna hannun jak, ƙaramar sanda sai ta tura mai kaɗan zuwa babban bututu. Akwai wata ƴar ƙofa da ke hana man komowa baya. Mai kuwa ba ya matsuwa. Da ya rasa wurin zuwa, sai ya tura babbar sanda sama.

Ga misali don a gane. A ce faɗin kan babbar sanda ya ninka na ƙarama sau 50. To, ƙarfin da aka danna zai ninku sau 50. A ce kuma dogon hannun jak yana ninka ƙarfin mutum sau 10. Wanda ya danna da ƙarfin kilo 20, hannun zai mai da shi kilo 200, mai kuma ya mai da shi kilo 10,000, wato ton 10. Sai dai kowane danni kaɗan yake ɗagawa. Abin da aka samu wajen ƙarfi, ana biyansa da yawan danni.

Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, shi ya bayyana wannan hali na ruwa da mai, shekaru fiye da 350 da suka wuce. A shekarar 1795 wani Bature na Ingila, Joseph Bramah, ya ƙera injin matsa kaya bisa wannan dabara. A shekarar 1851 kuma Richard Dudgeon ya ƙera jak da ake iya ɗauka a hannu, a birnin New York na Amurka. Kowane jak, an rubuta a jikinsa yawan nauyin da yake iya ɗagawa: ton 2, ko 5, ko 10, ko 20, ko fiye. Wanda ya iya karatu zai duba lambar kafin ya ɗora masa kaya.

Inda ake aikin nan

A yammacin Amurka, cikin jihohin Oregon da Washington da Kaliforniya, da kuma yammacin Kanada, akwai dazuzzuka masu itatuwan da babu irinsu a Sahel. Wasu tsawonsu ya wuce metir 100. Da yawa sun tsiro ne a jikin duwatsu masu gangare, sun karkata wajen kwari.

In an bar irin wannan icce ya faɗi gangare, yakan kakkarye, katakon ya lalace. Yakan kuma faɗa cikin rafi ya ɓata ruwa. Don haka masu aikin daji na can suka koma ga jak. Da shi suke tura icce ya kwanta wajen da suka zaɓa, ko da ba can ya karkata ba.

Jak ɗinsu ba irin na mota ba ne. An ƙera shi musamman don icce. Yana da faffaɗan faranti na ƙarfe a kai, don kada ya nutse cikin itacen. Yana da agogon awo da ke nuna yawan nauyin da ya ɗauka. Wani kuma yana da doguwar tiyo, yadda mai dannawa zai tsaya nesa da gindi. In icce ya yi girma ƙwarai, sukan sa jak biyu tare.

A ƙasar Kurfai da Tagazar, abin da aka saba da shi gatari ne da igiya, sai kuwa zarton inji a hannun wasu. Duk da haka yana da amfani a san yadda aikin yake. Ƙa'idojinsa su ne ƙa'idojin kada kowane babban icce, ko da jak ko babu.

Abu uku da ke tafiyar da icce

Na farko shi ne baki. Ana yanke shi a gefen da ake so icce ya faɗi. Yanka biyu ne da ke haɗuwa: ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace, a cire guntun da ke tsakaninsu. Zurfin baki bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin icce ba. Inda baki ya kalla, can icce zai nufa.

Na biyu shi ne yankan ƙeya. Ana yin sa a bayan icce, daidai da gindin baki ko sama da shi kaɗan.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne abin da aka bari ba a yanke ba tsakanin baki da yankan ƙeya. A nan za a kira shi jijiya. Kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin icce. Icce mai kaurin metir 1, a bar masa jijiya ta wajen santimetir 10. Jijiyar nan ita ce ke riƙe icce yayin da yake kwanciya, kamar yadda ƙyaure ke buɗewa ba ya rabuwa da jikin ƙofa. In an yanke jijiya, icce ya zama marar linzami. Zai iya faɗuwa ko ina.

Mutane da yawa suna sarar icce ta kowane gefe, suna zagayawa da gatari har ya rage ɗan tsinke a tsakiya. Wannan hanya ce mai hatsari. Wanda ya yi haka bai zaɓi inda icce zai faɗi ba. Iska ce za ta zaɓa masa.

Aikin jak

Jak yana shiga ne ta ƙeya. Ana sassaƙa masa gurbi a bayan icce, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da shimfiɗaɗɗen sama, daidai tsayinsa. A zaunar da shi tsaye, kada ya karkace. A ɗora farantin ƙarfe mai kauri tsakanin kansa da itacen. In icce ya karkata baya ƙwarai, gwanaye sukan fara da wannan gurbi, su ɗan matse jak, kana su yanke baki. Ta haka icce ba zai zauna baya ya danne zarto ba.

Daga nan aiki na mutum biyu ne. Ɗaya yana ci gaba da yankan ƙeya, ɗaya yana danna jak sannu sannu. Da jijiya ta kai kaurin da ake so, sai a tsai da zarto. Jak ne zai ƙarasa. Yana ɗaga ƙeya, jijiya tana riƙe da gaba, kan icce yana matsawa wajen baki.

Abin mamaki shi ne, ɗagawa kaɗan a gindi tafiya ce mai yawa a sama. A ce icce tsawonsa metir 15, tsakanin jijiya da jak kuma rabin metir ne. Rabin metir yana shiga cikin metir 15 sau 30. Ke nan in jak ya ɗaga santimetir 1, kan icce ya matsa santimetir 30. In ya ɗaga santimetir 5, kan icce ya matsa metir 1 da rabi. Sau da yawa wannan ya isa nauyi ya rinjaya gaba, icce ya kama hanya da kansa.

Akwai abin da ba a mantawa: weji. Weji guntun ƙarfe ne, ko roba mai tauri, ko icce mai tauri, mai siffar bakin gatari. Duk sanda jak ya ɗaga kaɗan, sai a buga weji cikin yankan ƙeya ya cike wurin. Jak inji ne, yana iya yoyo, yana iya zamewa. In ya saki, weji ne zai riƙe icce kada ya komo baya bisa mutane. Jak ba ya aiki shi kaɗai.

Jak ɗin mota fa?

Wani zai ce: "Ai akwai jak a tasha, sai in aro." A yi hattara. Jak ɗin mota an yi shi ne don ɗaga ƙarfe a miƙe. Kansa ƙarami ne, yakan nutse cikin icce kamar ƙusa. Yayin da icce ke karkata, nauyin yana komawa gefe, jak yana iya tsalle ya fito da ƙarfi, ya karya ƙafar wanda ke kusa. Ba shi da agogon awo, don haka babu wanda ya san ko an wuce ƙarfinsa. Hannunsa gajere ne, mai dannawa tilas ya durƙusa daf da gindi, wurin da ya fi ko ina hatsari.

Saboda haka wannan aiki ba na gwaji ba ne. Na wanda ya koya ne a hannun gwani, yana kuma da kayan da suka dace.

Itatuwan da jak ba ya yi wa amfani

Icce mai kogo, ko wanda gara ta cinye cikinsa, ba shi da jijiyar kirki. In an matsa shi, jijiyar sai ta tsinke. Kafin a fara, a ƙwanƙwasa ganga da bayan gatari. In ta yi ƙara kamar ganga ta kiɗa, akwai kogo. A duba kuma ko zuma ta zauna a ciki.

Busasshen icce ma haka yake. Itacensa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Busassun rassansa kuma sukan faɗo bisa kan mai sara tun kafin gindi ya motsa.

Kuka kuwa, jikinta taushi gare shi, cike da ruwa. Jak zai nutse a ciki, ba zai ɗaga kome ba.

Icce da ya karkata gefe, ba gaba ba, ba baya ba, shi ma jak ba ya gyara shi. Jak gaba kawai yake turawa.

Irin waɗannan, hanyar da ta fi ita ce a sauke su daga sama, reshe reshe, ana ɗaure kowane reshe da igiya mai ƙwari ana sauko da shi. Sau da yawa ma, in an rage rassan da suka yi nauyi, hatsarin ya wuce, icce ya ci gaba da rayuwa. Gawo da dogon yaro duk suna sake toho bayan an rage musu rassa.

Kiyaye rai

Ko da jak, ko da igiya, ko da gatari kaɗai, ga abin da za a kiyaye:

1. A kori kowa nesa, aƙalla ninki biyu na tsawon icce. Icce mai metir 15, kada a bar yaro ko bisa cikin metir 30.

2. A share hanyar gudu tun kafin a fara sara. Kada ta zama daidai bayan icce, domin gindi yakan yi harbi baya. Ta zama baya amma a karkace, hagu ko dama.

3. Kada a yi aikin ranar iska, ko in hadari ya taso. Safiya mai sanyi, marar iska, ta fi.

4. Kada mutum ya yi shi kaɗai. A sa wani yana kallon kan icce, ya yi kira da ya ga motsi.

5. In za a ja da igiya, tsawonta ya wuce tsawon icce nesa, masu ja kuma kada su naɗa ta a hannu.

6. Da icce ya kama hanya, a bar zarto, a bar jak, a kauce. Kaya ana sake saye, rai ba a sakewa.

7. Icce da aka fara sara, kada a tafi a bar shi tsaye. In ya maƙale a jikin wani icce, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa.

8. In akwai wayar lantarki kusa, kada a taɓa kome sai an sanar da ma'aikatan NIGELEC.

Izini kafin sara

Jak yana ba da ƙarfi, amma ba ya ba da izini. Tun shekarar 1974 dokar daji ta Nijar ta jera itatuwan da aka tsare. A cikinsu akwai gawo, giginya, goruba, kuka, tsamiya da aduwa. A watan Yuni na shekarar 2004 aka yi sabuwar dokar daji da ta maye gurbin waccan. Ita ma ta hana kada itatuwan da aka tsare ba tare da izini ba. Wanda ya yi gaban kansa yana iya fuskantar tara, a kuma karɓe itacen.

A shekarar 2020 gwamnati ta fito da wata doka a kan sassaben zamani, wato raino da gyaran itatuwan da suka tsiro da kansu cikin gona. Dokar ta yarda manomi ya ci moriyar itatuwan da ya raina. Duk da haka, wanda babban icce ya zame wa barazana, hanyarsa a fili take: ya gaya wa maigari, ya je wajen ma'aikatan gandun daji. Su za su duba, su faɗi ko a kada shi, ko rage rassa ya isa. In icce yana kan iyaka, a shawarci maƙwabci tun da wuri, don kada a kada icce a ta da rigima.

Me ya sa ake tsare gawo?

Duk manomin Dallol ya san halin gawo. Da damina yakan zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana ba. Da rani kuma yakan yi kore, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ganyen da ya zubar taki ne. Bisashe suna hutawa a inuwarsa, suna ƙara wa wurin taki. Ƴaƴansa abincin awaki da tumaki da shanu ne, har kasuwa ake kai su. Hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau. Tun zamanin da, sarakunan Damagaram sun hana sare shi, da horo mai tsanani.

Tsofaffin Kurfai ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Itatuwa da yawa sun mutu, wasu kuma an sare su don a sayar a sayi abinci. Inda itatuwa suka ƙare, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya rufe shuka. A shekarar 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga shekarun nan ne manoman Maraɗi da Damagaram suka duƙufa ga sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki masu faɗin hekta wajen miliyan 5. Ba dasawa aka yi ba, kiyayewa aka yi.

Babban gawo yakan ɗauki shekaru da yawa kafin ya kai girmansa. Zarton inji da jak suna iya kwantar da shi kafin azahar. Wannan sauƙi shi ne abin tsoro. Kayan aiki masu ƙarfi sun dace da icce da ya zama hatsari, wanda aka duba, aka ba da izini. Ba su dace da icce mai lafiya da ke ciyar da gona ba.

Bayan an kada

In tilas ta sa an kada icce, kada a bar kome ya lalace. Ganga tana iya zama turmi, ko kwamin shayar da bisashe, ko katako. Rassa su zama makamashi da shinge. Ganye a ba dabbobi in irin wanda suke ci ne.

Sannan a mai da gurbi. Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, ana bikin dashen itatuwa a Nijar, tun daga 1975. Amma ba sai an jira ranar ba. Wanda ya kada gawo ɗaya, ya duba gonarsa lokacin sassabe: zai ga ƙananan gawo da suka tsiro. Ya zaɓi masu ƙarfi, ya rage musu rassan ƙasa, ya kafa musu alama don kada hauya ta taɓa su. Kusa da gida kuwa, a dasa icce nesa da bango da rijiya da wayar lantarki, a riƙa rage masa rassa tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka gyara da wuƙa yana ƙarami, ba zai bukaci jak ba in ya girma.

Tambayoyi don tattaunawa a makarantar yaƙi da jahilci

1. Akwai icce a garinku da ya karkato bisa ɗaki ko hanya? Wa ya kamata a gaya wa?

2. Mene ne amfanin jijiya? Me zai faru in an yanke ta?

3. Icce mai tsawon metir 12, nisan metir nawa ya kamata mutane su tsaya?

4. Gawo nawa ne a gonarku yau? Nawa ne a zamanin iyayenku?